Kafin ka kai MX-5 filin gudu: me za ka fara saya?

A Ingila akwai ranakun da filaye irin su Brands Hatch, Donington Park da Cadwell Park ke buɗe wa masu motocin gida ƙofa, su shiga su yi gudu ba tare da gasa ba. Ɗaya daga cikin motocin da masu ƙaramin ƙarfi suka fi zuwa da su ita ce Mazda MX-5, wadda ta fara fitowa a 1989. Ba ta da nauyi, tayoyin baya ke tura ta, kayan gyaranta kuma ba sa wuyar samu. Amma kafin ka sayi ƙirar 1998 zuwa 2005, sa bakanike ya ɗaga ta ya leƙa ƙarƙashinta, domin tsatsa ce babbar cutarta.

Sabon shiga yakan fara da neman ƙarin ƙarfin inji. Ina roƙonka ka bar injin yadda yake. Abin da ke fara gajiya a fili shi ne birki.

Man birki yana shan danshi a hankali, kuma da ya sha, zafin da zai tafasa shi yana raguwa. Mafi ƙarancin abin da ake buƙata daga sabon man birki mai ajin DOT 4 shi ne ya jure digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma wanda ya tsufa yana iya saukowa kusa da 155. Idan ya tafasa, sai ka taka birki ka ji ƙafarka ta nutse, ga kwana a gabanka. ATE Typ 200 yana jure 280, ga araha, kuma ya ishi mai zuwa fili sau biyu ko uku a shekara. Motul RBF 600 yana haura 300, sai dai yana son a riƙa canza shi da wuri. Castrol SRF ya fi su jure danshi, amma kuɗinsa ya ninka nasu, kuma mota mara nauyi kamar wannan ba ta buƙatarsa. Ni dai ATE zan zaɓa. Kada ka kuskura ka zuba DOT 5: na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran.

Takalman birki kuwa, na tsaka-tsaki irin su EBC Yellowstuff ko Ferodo DS2500 suna aiki a titi da fili. Na tsere zalla ba sa kamawa sosai sai sun ɗauki zafi, suna ƙara, suna cin faifan birki. In da motar za ka koma gida, duba ko akwai alamar R90 a kwalin, wadda ke nuna an amince a hau titi da su.

A taya ne mutane suka fi ɓarnar kuɗi. Toyo R888R tana manne wa busasshiyar kwalta ƙwarai, amma tana saurin cinyewa, ba ta son ruwa a kwance, ga Ingila ƙasar ruwan sama. Tana kuma ɓoye wa mai koyo kurakuransa har sai ta sake shi farat ɗaya. Michelin Pilot Sport takan yi maka kuka kafin ta zame, a nan kake sanin iyakarta. Nankang NS-2R tana tsakani, da sauƙin farashi. Ko wacce ka ɗauka, auna iskarta da zarar ka fito, don zafi yana ƙara ta, kuma doka na son zanen taya ya kai milimita 1.6 kafin ka hau titi.

Hular kwano dole ce, wasu filayen ma suna ba da haya. Tambayi masu shirya ranar ko suna buƙatar ƙarfen kariya a bayan kujeru, tunda rufin motar na yadi ne. Inshorar titi galibi ba ta biyan hatsarin fili.

Salansa mai ruri kuwa, ajiye kuɗinka. Ana auna ƙarar mota kafin a shiga, wadda ta wuce iyaka a waje za ta wuni. Wannan kuɗin ka ba malamin tuƙi na filin ya zauna gefenka na minti 20.