Ajin Asabar na Agege kan tushen addini a dokokin ƙasa da ƙasa

Ajin yana zama duk Asabar daga bayan La'asar zuwa Magariba a wata makarantar Islamiyya da ke Agege, mako takwas a jere. Da Hausa ake koyarwa, amma takardun karatun na Turanci ne, shafi kamar arba'in da aka yi wa hoto aka ɗinke. Wanda cunkoson motoci ya riƙe a Oshodi bai yi asara ba, domin ana naɗar muryar malam a tura zauren WhatsApp a daren. Yawancin masu zuwa ɗaliban kimiyyar siyasa ne da masu karatun lauya, sai 'yan kasuwa ƙalilan daga Mile 12.

Makonni biyun farko na yaƙin halal ne a mahangar Kirista. An faro daga Agustin, limamin cocin Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, aka gangaro kan sharuɗɗa uku na Tomas Akwinas: shugaba mai iko ne zai ayyana yaƙi, dalilin ya zama na gaskiya, niyya kuma ta zama mai kyau. Daga nan sai rabon sabbin ƙasashe da Paparoma ya yi a 1493, da yarjejeniyar Tordesillas ta 1494 tsakanin Sifen da Fotigal, da karatun Vitoria, wani malami ɗan Sifen, a jami'ar Salamanka a 1539, inda ya ce Paparoma ba shi ne sarkin duniya ba, kuma 'yan asalin Amurka su ne masu ƙasarsu. Malam ya yi daidai da ya jaddada cewa Vitoria malamin coci ne, da hujjar addini ya ƙaryata ikon Paparoma.

Inda ajin ya ci kuɗinsa shi ne Westfaliya, wato sulhun 1648 da ya kawo ƙarshen yaƙin shekara talatin a Turai. Littattafan jami'a da yawa suna cewa a 1648 aka haifi ƙasa mai cikakken iko, su wuce. Nan an warware zancen dalla-dalla. Sulhun Augsburg na 1555 ya ba kowane basarake a Jamus damar zaɓa wa talakawansa ɗarika, Katolika ko ta Luther, ba ta uku. Yaƙin shekara talatin ya ɓarke a 1618. Da aka zo sulhu, a garuruwa biyu aka zauna, Munster da Osnabruk. An shigar da mabiya Calvin cikin waɗanda doka ta sani, aka kuma ɗauki 1624 a matsayin shekarar awo: yadda ibada da dukiyar coci suke a wuri a shekarar, haka za su zauna. Ashe ke nan rage wa basarake iko aka yi kan addinin talakawansa, ba ƙara masa ba. Paparoma Innocent na goma ya ce yarjejeniyar ɓatacciya ce, babu wanda ya saurare shi. Wannan zaman kaɗai ya isa ɗalibi ya gyara amsarsa a jarrabawa.

Maganar Grotius, masanin shari'a ɗan ƙasar Holan, ta 1625, cewa dokar ɗabi'a za ta tsaya ko da an ƙaddara babu Mahalicci, takan tayar da ƙura a ajin. Malam yakan kashe wutar da nuna cewa shi kansa Grotius ya ce faɗin hakan babban saɓo ne, misali kawai ya buga.

Daga mako na shida abin ya fara tangarɗa. An cusa masana siyasa uku, Bodin da Hobbes da Carl Schmitt, a zama ɗaya da bai cika awa biyu ba. An kawo da'awar Schmitt ta 1922 cewa manyan ra'ayoyin mulkin zamani aƙidun addini ne da aka tuɓe wa riga, amma ba a faɗa wa ɗalibai cewa ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933 ba, alhali sanin haka yana canza yadda mutum zai karanta shi.

Babban gibin yana ɓangaren Musulunci. Mako guda tak aka ba Siyar, wato fannin fiƙihu kan yaƙi da sulhu da hulɗa da sauran al'ummai. Imam Shaibani, almajirin Abu Hanifa da ya rasu a 805, ya yi bayanin amana da sulhu da haƙƙin manzanni ƙarnoni kafin Grotius, amma fassarar Turanci kawai aka raba, ba matanin Larabci, ga aji da rabinsa sun sauke littattafan fiƙihu a zaure. Sulhun Hudaibiyya an taɓa shi sama-sama, rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu kan mulki kuwa ko ambato ba su samu ba. Mako na ƙarshe ya ɗan rama da takardar da Oba Dosunmu ya sa wa hannu a 1861 ya miƙa Legas ga Ingila, da taron Turawa a Balin kan Afirka na 1884 zuwa 1885 wanda ya tanadi kariya ga 'yan mishan.

Taswirar Jamus da ke cikin takardun baƙi da fari ce, yankin Katolika da na Furotesta sun zama launi ɗaya, gefen shafin ma injin hoto ya cinye shi. A sauko da mai launi a waya kafin mako na uku. Idan an ɗauke wuta aka tayar da janareta, sautin da aka naɗa ba ya saurarowa, don haka mai dogaro da WhatsApp ya nemi wanda ke zama a sahun gaba ya riƙa naɗa masa da wayarsa.