Tsohuwar waya da sabon Android: wace hanya za ka bi, wace ce kuma za ta cuce ka

Tambayar da aka fi yi min ke nan, wai wayata ta tsaya a Android 10 ko 11 ga shi ana ta maganar 14 da 15 har 16 ya fito a 2025, ya zan yi in ɗaga ta ba tare da na sayi sabuwa ba? To jama'a hanyoyin ba su wuce biyar zuwa shida ba, kuma ba zan ɓoye muku ba ni dai ina da wadda na zaɓa tuntuni, LineageOS ce, wato wani Android da ba na kamfanin wayar ba da ake ɗorawa a madadin na asali. Amma bari mu bi su tukunna don kowa ya san inda wayarsa ta faɗa.

Kafin komai ka duba ko kamfanin wayar da kansa ya turo afdet. Shiga saitin, gangara wurin sabunta manhaja, taɓa ka gani. In akwai to shi ke nan magana ta ƙare, ka sa caji ya wuce rabi, ka hau wifi, ka bar ta ta gama abinta kar ka kashe ta a tsakiya. Babu hanyar da ta kai wannan aminci. Matsalarta ɗaya ce, tana ƙarewa. Yawancin ƙananan wayoyi siga ɗaya ko biyu kawai suke samu sai ɗan facin tsaro na wani lokaci, daga nan shiru. Dalili kuwa shi ne ba Google ne ke turo maka Android kai tsaye ba, sai masu ƙera ƙwaƙwalwar wayar irin su Qualcomm da MediaTek sun ba da nasu ɓangaren, sannan kamfanin wayar ya ɗora nasa kwalliyar ya gwada, duk wannan kuɗi ne da ma'aikata, su kuma sun fi son ka zo ka sayi ta bana.

Masu iPhone ku taku gajeriya ce. Abin da Apple ya ba ku shi ne naku, babu wata ƙofar baya. iOS 16 ya bar iPhone 6s da 7 a baya, iOS 17 ya bar 8 da X, shi kuma iOS 26 na 2025 daga iPhone 11 ya fara. Duk wanda ya ce zai sa maka iOS 17 a iPhone 7 ƙarya yake yi, kar ma ka tsaya sauraronsa.

Lanca, wato manhajar da ke sauya fuskar waya, da jigogin nan masu sa wayarka ta yi kama da Android 15, fenti ne kawai a kan tsohon gini, ba su ƙara maka tsaro ko na ƙwayar zarra. GSI kuma, wato Android ɗin gama-gari da ake iya ɗorawa a kan wayoyin da suka zo da tsarin Treble wanda Google ya kawo da Android 8 a 2017, na masu gwaje-gwaje ne, yau kyamara ta ƙi gobe wurin dangwala yatsa ya mutu, ban ba wanda ke da waya ɗaya tak shawarar ya taɓa shi ba.

Yanzu mu zo kan LineageOS. Asalinsa CyanogenMod ne wanda ya rufe a ƙarshen 2016, sai masu aikin sa kai suka ɗauki aikin suka ci gaba da sabon suna. Kyauta ne, lambobin shirinsa a buɗe suke kowa na iya dubawa, LineageOS 21 shi ne Android 14, 22 kuma Android 15. Abin da ya sa na fi yarda da shi a kan sauran rom ɗin da ke yawo, wato ire-iren Android ɗin da ba na kamfani ba, shi ne ba kowace waya suke karɓa cikin jerinsu ba, sai an samu mai kula da ita takamaimai kuma sai ta cika sharuɗɗansu, kira ya yi aiki, wifi da bulutut da kyamara su yi aiki. Kowace waya tana da shafinta a wiki ɗinsu da matakan sawa ɗaya bayan ɗaya na wannan wayar kaɗai, kuma bayan ka sa, afdet na zuwa maka ta cikin saitin kamar yadda na kamfani ke zuwa, ba sai ka sake jona kwamfuta kowane wata ba. Ka duba Poco F1 da OnePlus 6, dukansu na 2018 ne, ɗaya kamfani ya bar ta a Android 10 ɗaya a 11, amma LineageOS ya kai su 14. Wayar da nake wannan rubutun da ita ma haka take, ta tsufa sosai, amma tun da na raba ta da tarkacen manhajojin da ta zo da su waɗanda ba a iya gogewa, memori ya samu sarari, batir ya daina zubewa cikin dare, talla ta daina faɗo min a sikirin. Wallahi ji na yi kamar an sake min waya.

Sai dai fa akwai abin da za ka biya ko da ba kuɗi ba ne. Dole ka buɗe butloda, wato makullin da ke hana a ɗora wa wayar wani tsari da ba na kamfani ba, kuma buɗe shi yana goge komai da ke cikin wayar, komai da komai, saboda haka hotuna da lambobi da hirarrakin WhatsApp ka kwashe kwafinsu tukun. Ana farawa ne da taɓa Build number sau 7 a cikin bayanin waya sai zaɓin masu haɗa manhaja ya fito, ka kunna OEM unlocking, sauran aikin da kwamfuta da igiyar USB mai kyau ake yi. Kuma ba kowace waya ke yarda ba. Huawei sun daina ba da lambar buɗewa tun 2018, Samsung ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka galibi ba sa buɗuwa sam, Xiaomi sai ka nemi izini ka yi jira. A Samsung ma akwai Knox, tsarin tsaronsu, da zarar ka ɗora abin da ba nasu ba wani ɗan fis a ciki yake tsinkewa har abada, Secure Folder da Samsung Wallet sun tafi ke nan ko da ka dawo da manhajar asali. Sannan LineageOS ba ya zuwa da Play Store, kai za ka ƙara kunshin manhajojin Google da kanka irin MindTheGapps, kuma kafin wayar ta fara tashi a karon farko ake sa shi, in ka manta sai ka sake gogewa.

Babban abin da zai iya hana ka shi ne banki. Akwai binciken da Google ke yi mai suna Play Integrity, shi ya gaji SafetyNet, yana gaya wa manhaja ko an taɓa wayar, wasu manhajojin banki in suka ga haka ba za su buɗe ba. Wasu suna aiki lafiya lau. In duk harkar kuɗinka a wannan wayar take, ka nemi wanda ya riga ka sawa ka tambaye shi tukunna. Kyamara ma takan ɗan rage kyau saboda sirrin gyaran hoto na kamfani ne, kuma gaskiya guda da masoya LineageOS ba su cika faɗa ba ita ce ɓangaren modem mai kama sabis da direbobin kamfani, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan wayar, suna nan yadda aka bar su, shi ya sa za ka ga kwanan facin tsaro biyu a saitin, na Android sabo, na kamfani tsoho. Duk da haka rabin gyara ya fi a bar waya shekara huɗu babu faci ko ɗaya. Wayoyi masu Qualcomm su suka fi yawa a jerin, masu MediaTek kaɗan ne ƙwarai, in taka ba ta ciki to ba ta ciki, kar ka ce bari in sa na mai kama da ita.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kawo ni kan abin da ya fi ci min rai, masu filashin. Shekarun baya na kai wata wayata wurin wani mai gyara saboda ya ce zai ɗaga min ita zuwa sabon Android cikin awa ɗaya. Ya jona ta a kwamfuta, ya sauko da fayil daga wani shafi da ni ban san shi ba, ya danna zaɓin da ke share komai kafin ya rubuta sabo. Waya ta tashi kuwa, na yi murna, sai da na sa sim na ga babu sabis, na danna *#06# ta nuna min lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ba ta nan. Ashe ya share ɓangaren da ke riƙe da lambar wayar da bayanan layinta kuma bai ajiye kwafi ba. Hotunan mahaifiyata na ƙarshe suna cikin wayar nan, bai tambaye ni ko na kwashe ba, ni ma a lokacin ban san ana gogewa ba. Garin gyaran gira aka rasa ido. Mafi ciwo kuma, daga baya na gane Android ɗin ma bai canza ba, lambar da ke nunawa a saitin kawai aka sauya.

Eh, ana yin haka. Akwai wani ɗan fayil a cikin Android da ake kira build.prop, a nan ake rubuta sunan siga, wanda ya samu shiga zai iya mayar da 9 ta koma 14 cikin minti biyu, kuma da wannan dabarar ake sayar da jabun wayoyi masu ƙaryar siga da ƙaryar girman memori. Yadda za ka kama su, ka sauke AIDA64 ko CPU-Z daga Play Store ka duba lambar API, wato lambar da kowace sigar Android ke da tata a ciki. Android 10 lambarsa 29, 11 kuma 30, 13 shi ne 33, 14 shi ne 34, 15 kuma 35. In saitin ya ce 14 amma API ya ce 28 to Android 9 kake riƙe da shi an shafa masa hoda. Ka kuma duba kwanan facin tsaro, waya mai Android 14 ba za ta ɗauki facin 2019 ba tunda shi kansa 14 ɗin a 2023 ya fito.

Sai manhajojin da ke cewa za su yi maka afdet. Ku ji ni da kyau, babu wata manhaja a duniya da za ka sauke ka danna maɓalli ɗaya ta mayar da Android 9 zuwa 14, babu ita. A 2019 an gano wata a Play Store mai suna Updates for Samsung da sama da mutum miliyan 10 suka sauke, ba ta Samsung ba ce, talla take cika wa mutane kuma ta nemi su biya kuɗin abin da kamfani ke bayarwa kyauta. A 2021 kuma masu binciken tsaro na Zimperium suka bankaɗo wata mai suna System Update da ake sauke ta a wajen Play Store, tana kwashe saƙonni da hotuna tana naɗar kira, ita kuma sai ta riƙa nuna maka sanarwa kamar tana neman afdet. Duk linkin da aka turo maka a guruf wai danna nan ka samu sabon Android, goge shi. Duk bidiyon da ya ce ba kwamfuta ba buɗe butloda minti biyar kawai, wuce shi. Ko LineageOS ɗin ma in ba daga shafinsu na lineageos.org ka ɗauko ba, to ba ka san wanda ya haɗa shi ba kuma ba ka san abin da ya cusa a ciki ba, kuma a wayar nan fa kake buga lambar sirrin bankinka. Akwai masu haɗa nasu da gaskiya na sani, amma wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani gudu yake, ni dai na daina.

In kuma dole sai wani ne zai yi maka, to ka tsaya a kansa kar ka bar wayar ka tafi. Ka sa ya nuna maka shafin da ya ɗauko fayil ɗin, ka gwada lambar samfurin wayarka da ta fayil ɗin harafi da harafi saboda waya mai suna ɗaya takan zo da ciki daban-daban gwargwadon ƙasar da aka yi wa ita, kuma ka tambaye shi in abu ya ɓaci yana da manhajar asali da zai mayar? In ya fara kame-kame ɗauki wayarka.

Hanya ta ƙarshe ita ce sauya waya, kuma ba laifi ba ne in taka memorinta na aiki bai wuce giga 2 ba ko batir ya kumbura, sabon Android ba zai warkar da wannan ba. In za ka saya ka tambayi shekarun afdet kafin ka tambayi kyamara. Pixel 8 na 2023 da Galaxy S24 na 2024 an yi musu alƙawarin shekara 7, amma a kula, daga ranar da wayar ta fito kasuwa ake ƙirgawa ba daga ranar da kai ka saya ba, mai sayen ta hannu ya cire shekarun da suka wuce. Ni kam ko sabuwa zan saya sai na fara leƙa jerin LineageOS na ga ko irin wannan kamfanin na barin a buɗe butloda, saboda ranar da suka daina turo afdet ina so in samu inda zan koma.

Duk wadda ka zaɓa dai, kafin kowa ya jona wayarka da kwamfuta ka danna *#06# ka rubuta lambobin IMEI a takarda, ka kwashe hotuna zuwa wani wuri ka buɗe su a can ka tabbatar sun kwafu, ka tabbatar kana tuna kalmar sirrin akawun ɗinka na Google don waya na iya neman ta bayan gogewa. In an gama kuma kar ka tashi daga wurin sai ka sa sim ka kira wani ya ji muryarka kai ma ka ji tasa, ka kunna data, ka ɗauki hoto, sannan ka sake danna *#06# ka gwada da abin da ke takardar.