Gas ko ingantaccen murhu: wanne ya fi rage saran itace?

Hajiya, kin ce gidanku mutum 12 ne, itace ya yi tsada, kina so ki san ko gas za ki saya ko ingantaccen murhu.

Gas ba ya cin ko tsinke daga daji. Babu hayaƙi, gindin tukunya ba ya baƙi. Matsalarsa a dunƙule ake biyan kuɗinsa. Ranar da silinda mai kilo 12.5 ta ƙare aljihu babu nauyi, sai a aiki yaro wurin mai gawayi. Shi kuwa gawayi ya fi itace ɓarna, domin mafi yawan itacen a rami yake ƙonewa kafin a cika buhu guda. Ki duba yadda ƙirya ta yi wuya a dazukanmu.

Ingantaccen murhu har yanzu itace yake ci, amma kirare. Akwai na ƙarfe irin Save80, wanda aka yi masa wannan suna saboda yana rage kusan kashi 80 cikin 100 na itace, akwai kuma na laka da mata ke ginawa da hannunsu. Na ga maƙwabciyarmu ta tuƙa tuwon dare da kiraren da ba su cika faranti ba, tana tura su ɗaya bayan ɗaya. Wahalarsa sai an faskara itacen ƙanana, kuma tukunyar biki ba ta hawa.

Gawayin ɓuntun shinkafa da aka cura yana da kyau, idan kina kusa da masu yin sa.

A ganina, gidan da ake tuwo safe da dare ya fara da murhu, a ajiye ƙaramar silinda don shayi da ɗumame.

Sai dai duka biyun rage sara kawai suke yi, ba sa mayar da abin da aka sare. Wannan aikin manoman Maraɗi da Damagaram ne suka nuna mana shi. Tun wajen 1983 suka fara sassaben zamani: ba a tuge kututture, sai a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Da haka gawo da kalgo da sabara suka dawo a gonaki kimanin hekta miliyan 5. Rassan da ake datsewa kuwa su ne daidai abincin ingantaccen murhu.

In Alhaji yana da gona, ki roƙe shi kada a sa wa kututturanta wuta lokacin sharar bana.