Man Shafe Barandar Katako: Yadda Ake Yi a Amurka da Abin da Zai Yi Mana Aiki a Bauchi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman kafintocinmu na Bauchi.

A nan Amurka gidaje da yawa suna da barandar katako a bayan gida, a fili take, rana ta doke ta, ruwa ya doke ta, ƙanƙara ta kwanta a kai. Ba banish suke yi mata ba. Wani mai ne mai launi da katako ke shanyewa. Shi banish fata yake yi a sama, da rana ta gasa shi sai ya tsattsage, ruwa ya bi ta tsagar, ya fara ɓarewa. Wanda ya taɓa barin benci mai banish a ƙofar gida ya sha zafin Maris da Afrilu ya san zancen.

A shaguna irin su Home Depot da Lowe's ana sayar da man a galan, kusan lita 3.8. Galan ɗaya kan shafe murabba'in mita 15 zuwa 25, gwargwadon ƙishin katakon, don tsoho busasshe ya fi sha. Akwai marar launi, akwai mai ɗan launi da ake ganin zanen katako ta cikinsa, akwai mai rufewa ruf kamar fenti. Na tsakiyan ya fi, domin launin ne ke tare rana. Marar launi kan bar katako ya koma toka-toka da wuri. Komai a rubuce yake a jikin gwangwani, har zafin da ya dace a yi aiki. A gida kuwa sau da yawa a roba ake auno maka, an sirka da kananzir ko ba a sirka ba, sai ka shafa ka gani.

Amma a katako mun fi su. Nasu yawanci mai laushi ne, a masana'anta ake cusa masa magani don kada ya ruɓe. Madaci da iroko sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai ba su shan mai da yawa, shafa ɗaya mara kauri ta ishe su.

Kafin a shafa, a wanke katakon da buroshi, a bar shi kwana biyu ya bushe, a goge da sanfefa mai lamba 60 ko 80. Wadda ta fi haka laushi toshe ƙofofin katako take yi. Sai a ɗiga ruwa a kai: in ya shige, katako ya shirya, in ya tsaya dunƙule-dunƙule, da saura. Masu na'urar awo suna jira danshi ya sauko ƙasa da kashi 15 cikin 100.

A motsa man da sanda har ƙasan gwangwani, launin can yake kwanciya. A ɗauki katako biyu ko uku a bi su daga kai har ƙarshe, kada a tsaya a tsakiya, don mahaɗar za ta fito da duhu. Bakin katako inda zarto ya yanka a ba shi mai sosai, ta nan ruwa ya fi shiga. Bayan minti 15 zuwa 30 a goge duk abin da bai shige ba. Nan aka fi yin kuskure: ana ganin yawan mai shi ne inganci, sai a wayi gari baranda tana danƙo tana kama takalmi har mako guda.

Lokaci kuma sai an lura. Gwangwanayen nan sukan ce a yi aiki zafi na tsakanin digiri 10 da 32 a ma'aunin Celsius, kuma kada ruwa ya taɓa shi kwana ɗaya zuwa biyu. A Bauchi ke nan sai bayan damina, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi, da safe ko da la'asar. A ƙarƙashin rana tsaka man bushewa yake a sama kafin ya shiga. Duk bayan shekara biyu ko uku ana sabuntawa, ranarmu kuwa za ta iya gajarta hakan.

Man nan ba maganin gara ba ne. A shafa maganin gara irin su Solignum a ginshiƙai da ƙasan katako tun da farko. Baƙin man inji kam a bar shi, ba ya bushewa, yana ɓata tufafi, kuma wani mai ba zai shiga bayansa ba.

Tsumman da aka yi gugar da shi kada a cukuikuye shi a jefa a lungu. Man yana fitar da zafi yayin bushewa, tulin tsumma na iya kamawa da wuta ba tare da ashana ba. A shanya su ɗaya-ɗaya a fili, ko a tsoma su a bokitin ƙarfe mai ruwa a rufe.