'Yarki na son tuƙin jirgin sama: Zariya, Dammam ko Jodan?

Tun da mata zalla suka tuƙo jirgin kamfanin flyadeal daga Riyad zuwa Jidda a watan Mayun 2022, 'yan matanmu na Makka da Jidda suka tasa iyaye a gaba, kowacce ita dai matuƙiyar jirgi za ta zama. Ba laifi, aiki ne mai kyau kuma da hijabinsu suke yi. Amma kafin Hajiya ki sayar da gwalagwalanki ko Alhaji ya saki filin Kano, a tsaya a duba inda za a zuba kuɗin, don wannan karatun a nan Saudiyya maganar ɗaruruwan dubban riyal ake, kuma idan suka tafi ba sa dawowa.

Tambayar farko ba wace makaranta ba ce, wane fasfo yarinyar ke riƙe da shi? Mai tabi'iyya, wato shaidar zama 'yar ƙasar Saudiyya, daban, mai igama, wato izinin zaman baƙo, daban. Kamfanonin nan in za su ɗauki sabon matuƙi da ya fito makaranta jiya, ɗan ƙasa suke sa wa a gaba, baƙo kuwa sai wanda ya riga ya tara awoyi a wani wurin. Ko su 'yan ƙasar ba su same ta a sama ba. Hanadi al-Hindi, haifaffiyar Makka, ta gama karatun tuƙi a Amman ta Jodan tun 2005 amma sai bayan shekaru da dama ta samu lasin Saudiyya, ita kuma Yasmin al-Maimani ta daɗe da lasinta a jaka babu aiki, sai 2019 kamfanin Nesma ya ɗauke ta. To ina ga 'yar da ubanta ke biya mata riyal 400 duk wata na kuɗin murafiƙi, wato harajin zaman iyalin baƙo?

Na biyu, gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, a yi shi kafin a biya ko sisi. Ido, kunne, zuciya, suga, da bambance kala, akwai yaran da ba su san ba sa raba ja da kore ba sai a gaban likita. Mu kuma da muke da sikila a dangi a duba jini da wuri, mai SS da wuya ta wuce.

Yanzu makarantun. OxfordSaudia da ke filin jirgin Sarki Fahad a Dammam ta fara karɓar mata a 2018, shekarar da aka bar mata tuƙin mota. In 'yarki na da tabi'iyya kuma aljihu da nauyi, a kai ta can a huta, lasin GACA, hukumar jiragen saman Saudiyya, za ta fito da shi ba sai an yi wahalar canji ba, kuma duk hutu tana gida. Mai igama kuwa ni ban ga ribar ba, za ki biya kuɗin Saudiyya ki sayi lasin ƙasar da ba a shirye take ta ba ta aikin farko ba. Jodan tsohuwar hanya ce, kusa, Larabci, abinci irin wanda yaran suka saba, amma in ta gama ko nan ko Najeriya sai ta sake zama jarrabawar canjin lasi. Makarantar Emirates ta Dubai ta masu hannu da shuni ce, mu wuce. Amurka ga biza ga dala, ban ma tsaya ba. Afirka ta Kudu na yarda suna da sauri, 43 Air School da ke Port Alfred ta yaye 'yan Najeriya da yawa, sai dai ki sani za ki ajiye budurwa ita kaɗai a ƙasar da ba ki da ko maƙwabcin kakarki.

Ni Zariya nake so wa duk mai koren fasfon Najeriya, kuma ban ɓoye ba. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Palladan kan titin Sakkwato tana nan tun 1964, ta gwamnatin tarayya ce, ba wadda wani zai rufe dare ɗaya ya gudu da kuɗin mutane ba. Filin jirginsu nasu ne, ba sa bin layi bayan manyan jirage kafin ɗalibi ya tashi. Suna da ƙananan jirage irin su Diamond DA40 mai inji ɗaya da DA42 mai inji biyu. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Najeriya, can ta yi karatu, kuma ta dawo ta shugabanci makarantar a 2011, saboda haka mace a gaban jirgi ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Da naira ake biya, wanda ke samun riyal kuwa ya san abin da nake nufi. Akwai ɗakin kwanan ɗalibai a ciki, masallaci ba sai an nema ba, ga Samaru nan kusa, Kano da Kaduna tafiyar mota ce ba mai nisa ba, in ta yi zazzaɓi gwaggonta za ta iya zuwa da kunu kafin la'asar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yarinyar da aka haifa a unguwar Hindawiyya a nan Saudiyya, wadda Najeriya sai a hoto da bikin dangi. Babban abin kuma shi ne lasin NCAA, hukumar jiragen saman Najeriya, za ta riƙe, na ƙasar da fasfonta yake, inda Max Air da Rano Air da Air Peace da sauransu za su iya duba takardunta ba tare da maganar kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo a Saudiyya, ba. In ta tara awoyi ta ƙware, sai ta nemi Saudiyya ta ƙofar gaba.

Aibin Zariya kuwa jinkiri. Gurbi kaɗan ne, sai da jarrabawar shiga da intabiyu, ana son Turanci da lissafi da fiziks masu kyau, wadda ta yi sanawiyya, wato sakandare, ta Larabci a nan sai an fara gyara mata takardu da harshe, don Turancin rediyo ƙa'idar ICAO ce, hukumar jiragen sama ta duniya, mataki na 4 aƙalla. Lokacin hunturu hazo kan rufe gari, ɗalibai su yi ta zaman kallon sama. Karatun kan wuce lokacin da aka faɗa. Ni dai gara jinkirin da na san jirgin na nan a ajiye. A kula kuma da huruj da auda, wato bizar fita da dawowa Saudiyya, kar ta ƙare tana can igama ta lalace.

Abin da ya sa nake nanata makarantar da ke da tushe, 'yar yayana ce aka yi wa. Wani ejan a nan Jidda, ofis har da hoton jirgi a bango da shayi a ƙaramin kofi, ya haɗa su da wata makaranta a wata ƙasar Asiya, wai rabin kuɗi, wata goma sha biyu an gama, har da alƙawarin aiki. Sharaɗin rangwamen shi ne a biya duka a dunƙule. Da ta isa, jirage na jere a fili kamar yadda aka gani a bidiyo, amma ɗaya ba farfela, wani tayarsa ta sace har ciyawa ta fito a gindinta, masu tashi biyu ne kacal ga ɗalibai cike da aji. Kullum da asuba ta sa farar riga ta je ta duba allo, ba sunanta. Malami yau ya zo gobe ya samu aiki ya tafi. Ƙarshe wani a ofis ya ja ta gefe ya ce ta kawo wani abu a cike mata littafin awoyi a buga hatimi. Allah ya sa ta ƙi, don awoyin ƙarya in hukuma ta gano lasin ne zai tafi gaba ɗaya, kuma tun a na'urar kwaikwayon jirgi ake gane wanda bai tashi ba. Ejan kuma ya ce shi haɗawa kawai ya yi.

Don haka dan Allah kar a biya a dunƙule ko da an ce za a rage rabi. A biya mataki-mataki, PPL wato lasin farko na tuƙin kai, sai na tashi da na'ura cikin gajimare, sai inji biyu, sai CPL wato lasin tuƙin kasuwanci, kuma a asusun makaranta ba na wani mutum ba. A shiga shafin hukumar jiragen ƙasar a ga sunan makarantar da ido, satifiket ɗin da aka turo ta WhatsApp kowa na iya haɗa shi a waya. A tambaya jirgi nawa ke tashi yau, ba nawa suka mallaka ba. A nemi ɗalibar da ke ciki yanzu a kira ta, ba wadda ejan ya zaɓo ba. A karanta yarjejeniya, awa nawa ne a sama, nawa ne a na'ura, in mai ya tashi wa zai cika, in ta faɗi gwaji nawa ne maimaici, in ta bari me za a mayar. Duk wanda ya ce aiki tabbas ne maƙaryaci ne. Haka masu tallan TikTok da ke sa tambarin manyan kamfanoni wai ana ɗaukar ɗalibai kyauta, a turo kuɗin fom, kamfanin gaske a shafinsa yake sanarwa. Akwai ma masu cewa ki biya su 'yarki ta yi musu aikin mataimakiyar matuƙi don ta tara awoyi, wato ita ke aiki ita ke biyan albashi.

A sani kuma CPL ba ƙarshe ba ne. Da awa 200 ko sama kaɗan za ta fito, sai horon nau'in jirgi, A320 ko Boeing 737, shi ma kuɗi ne mai zafi in kamfani bai ɗauka ba, sannan sai ta kai awa 1,500 kafin cikakken lasin da ake zama kyaftin da shi. Aikin kansa tashin ƙarfe uku na dare ne, kwanan otal a wani gari, sallah a wurin aiki, gwaji a na'ura duk wata shida, likita duk shekara, in ciki ya zo akwai lokacin da za a sauke ta daga tashi. Wanda zai aure ta a gaya masa wannan tun ranar gaisuwa, kuma a cikin lissafin kuɗi a ware na horon nau'in jirgin tun yanzu, a gefe, kar a taɓa.