Gargaɗi ga masu motoci: kada ku ba masu "salansar Dubai" da ɗauri kyauta motarku

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da masu motoci na Garwa, Marwa, Gidar, Kusiri har zuwa Injamena. Akwai wasu mutane da ke tallar salansar mota a Facebook da zaurukan WhatsApp, ina roƙonku don Allah kada ku miƙa musu makullinku. Suna sa hoton salansa tana ta ƙyalli, su ce daga Dubai aka kawo ta, wai tana ƙara wa inji ƙarfi, tana rage shan mai, tana ba mota murya irin ta motocin tsere. Daga ƙarshe sai su ce ɗauri kyauta ne, tsohon bututunka kawai za ka bar musu. To wannan tsohon bututun shi suka zo nema tun farko. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ni walda da gyaran salansa nake yi a nan Garwa, kuma motocin da aka yi wa wannan ta'asa a wurin irinmu suke ƙarewa. Labarin masu su kusan iri ɗaya ne. Mai tallar ba shi da shago. Zai ce ka tura rabin kuɗi ta waya don a ajiye maka taka, saboda wai saura kaɗan su ƙare. In ka tura, wani lokacin shi ke nan, lambar ta daina shiga. Wanda aka yi wa haka ma da sauƙi. Mafi muni shi ne wanda suka amsa masa waya, suka kira shi wata rumfar walda a gefen gari, yawanci dab da magariba. A ba shi kujera da shayi nesa da motar, a ce masa, "Alhaji, je ka yi sallarka, kafin ka dawo an gama." Kafin ya dawo ɗin kuwa an gama, sai dai ba abin da ya zo yi aka gama ba.

A jikin bututun hayaƙi, kusa da inji, akwai wata 'yar tukunya da muke kira katalizar, makanikan Najeriya kuma suna ce mata indomi. A cikinta akwai wani abu na yumɓu mai ƙananan ramuka irin na saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada guda uku: filatinam, faladiyam da rodiyam. In ta ɗau zafi, ita ke sauya gubar da ke cikin hayaƙi kafin ya fita. Tun 1993 kusan duk sabuwar mota mai shan fetur da aka sayar a Turai da ita take fitowa, don haka Corolla, Carina E, Avensis, Yaris da RAV4 ɗin nan da ake sauke mana a tashar ruwan Duwala da Kwatano suna ɗauke da ita. A shekarar 2021 farashin rodiyam ya kai wajen dalar Amurka 29,000 kan oza guda, wato giram 31 kacal. Farashin ya sauko daga baya, amma masu saye suna nan har gobe, su tara, su niƙa, su fitar waje. Katalizar ta asali guda ɗaya ta fi gwangwanin da za su manna maka daraja nesa ba kusa ba.

Hanya biyu suke bi. Ko dai su yanke ta gaba ɗaya su sa guntun bututu a gurbinta, ko su tsaga bayanta ta sama inda ido ba ya kaiwa, su farfashe yumɓun da rodi, su juye a buhu, su sake liƙe ta. In ka leƙa ƙarƙashin mota za ka ga tukunyarka tana nan daram, alhali fanko ce. Idan ka yi gardama sai su ce ai ta toshe ne, shi ya sa motarka ba ta ja. Gaskiya ne katalizar tana toshewa, musamman in inji yana ƙona baƙin mai, ko fulogi sun mutu ɗanyen fetur yana wucewa, ko an daɗe ana zuba zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, wanda aka gauraya. Amma toshewa abu ne da ake aunawa a gaban mai mota. Kuma ko ta toshe, ko ta narke, dukiyarka ce, kai ke da ikon sayar da ita.

Ita kanta salansar tasu mun sha yanka ta mu duba cikinta. Fallen ƙarfe ne siriri da aka goge ya yi haske, a tsakiya bututu ɗaya mai 'yan huji. Wasu ma soson ƙarfe na wanke tukunya ake cusawa a ciki, wanda zafi ke cinyewa cikin 'yan makonni, ƙarar ta ninka. Salansa ta gaske iri biyu ce. Akwai mai ɗakuna a ciki, inda hayaƙi ke zagaye daga wannan ɗaki zuwa wancan, ƙarar ta riƙa karo da junanta tana mutuwa. Irinta kamfani ya fi sa wa motocin gida, ita ce mai shiru. Akwai kuma mai miƙaƙƙen bututu mai huji da yawa, an naɗe shi da audugar gilas mai jure wuta, ita ke shanye kaifin ƙarar. Wannan ta fi sakin hayaƙi, muryarta kuma ta fi kauri. Dukansu biyun aikin lissafi ne, an auna su da girman injin da za su hau. Ta 'yan damfarar nan ba ta cikin ko ɗaya.

Abin da ya fi ruɗin matasanmu shi ne zaton cewa ƙara ita ce ƙarfi. Mota ta yi ruri, sai yaro ya ji a ransa gudu ya ƙaru. Ba haka ba ne. Injin lita 1.6 ko 1.8 irin na Corolla, bututun da kamfani ke sa masa bai wuce faɗin milimita 45 zuwa 50 ba, wato inci 2 ko ƙasa da haka. Su kuwa sai su ɗaura maka na inci 3. Duk mai ban-ruwa a lambunan bakin Binuwai ya san in tiyo ya yi wa famfo faɗi, ruwa lalo-lalo yake fita. Haka hayaƙi yake. In yana fita da sauri, shi da kansa yake jawo na bayansa daga cikin silinda, ya bar wa sabuwar iska da mai wuri. In bututu ya yi faɗi fiye da kima, saurin nan ya mutu, motar ta rasa ƙarfin tashi. A cikin gari za ka fara ji, in ka ɗauko fasinja da kaya. Wanda ke bin hanyar Ngaundere kuwa, hawan tudun Falez ne zai gaya masa gaskiya, lokacin da ya ga yana sauko da giya a inda da ba ya saukowa. Ƙafa ta ƙara nutsewa a totur, man da aka ce zai ragu sai ya ƙaru.

Ban ce duk wata salansa mai murya banza ce ba. Mai kyau, wadda aka yi daidai da injinka, tana iya ƙara ɗan abu kaɗan in inji yana juyawa da sauri sosai. Amma kaɗan ɗin ne, kuma direban tasi ko mai kai yara makaranta ba a can yake tuƙi ba.

Sai maganar wutar inji da ke kan dashbod. Yawancin motocin Turai daga 2001 zuwa sama suna da sansa biyu masu auna iskar da ke cikin hayaƙi, ɗaya kafin katalizar, ɗaya bayanta. Da zarar an kwashe cikin tukunyar, ta bayan za ta kai ƙara ga kwamfutar mota, wuta ta kama, in an sa na'urar gwajin mota a ga lamba P0420. Su ma sun sani, shi ya sa suke goge lambar kafin ka tafi, sai bayan ka yi 'yan tafiye-tafiye ta dawo. Wasu har dashbod suke buɗewa su rufe fitilar da baƙin salatif. Daga ranar ko wata babbar matsala ce ta taso a inji ba abin da zai sanar da kai. Saboda haka duk wanda aka taɓa masa salansa, ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, ya duba: wutar nan dole ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In kuma waldar tasu tana yoyo kusa da sansar farko, kwamfuta za ta ɗauka mai ya yi ƙaranci, ta yi ta ƙarawa.

Duk wannan asarar kuɗi ce, ana iya mayarwa. Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne guba. A cikin hayaƙin fetur akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar numfashi sau sama da 200. Katalizar ce ke rage ta. An cire ta, sannan an yi walda cikin gaggawa da duhu a daidai ƙarƙashin kujeru. Ku tuna yadda muke yi a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40: gilas a rufe, na'urar sanyi a kunne, mota a tsaye, yara a kujerar baya suna jiran uwarsu ta fito daga kasuwa. Ko direban da ya kwanta a tasha da sanyin hunturu ya bar inji yana aiki. Farkonta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da barci, abin da kowa zai ce gajiyar hanya ce ko zazzaɓi. Ita kanta ƙarar ba ta bar kunne lafiya ba. Wanda ke wuni a cikin ƙarar da ta kai desibel 85 jinsa yana raguwa a hankali, kuma direban Garwa zuwa Marwa awanni yake yi zaune a kan wannan rurin.

In salansarka ta ruɓe da gaske, ka je wurin mai shagon da za ka iya komawa gobe ka same shi. Ka tafi da lambar shasi da ke kan takardar motarka, a nemo wadda ta dace da injin. Tsohuwar ta asali da aka ciro daga motar Turai, mai lambar kamfani a buge a jikinta, ta fi sabuwa mai ƙyalli marar suna. Ka ɗaga ta ka ji nauyi, ka girgiza ka ji ko wani abu na kaɗawa a ciki, ka haska tocila ta baki ka gani. Game da gwajin maganaɗisu da ake yawan faɗa, a yi hankali: ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304 ba ya kama maganaɗisu sosai, amma mai lamba 409, wanda kamfanonin mota da yawa ke amfani da shi, yana kamawa kuma mai kyau ne. Gwajin yana da amfani ne kawai in mai kaya ya rantse maka 304 ce sannan maganaɗisu ya manne mata gam. Kada ka tura ko dala ɗaya kafin ka riƙe kaya a hannunka. Ka ɗauki hoton ƙarƙashin motarka kafin a fara, ka tsaya a kan aikin har a gama, duk abin da aka kwance a sa maka a but.

'Yan uwana masu walda, ku ma da ku nake. Mutanen nan ba su da injin walda, rumfunanmu suke haya na awa ɗaya, yaranmu suke ba ɗan abin shayi su yi musu yankan. Gobe in mai mota ya dawo da jandarma, su sun ɓace, kai da rumfarka za a samu. Motar da ta shigo inuwarka amana ce a wuyanka ko ba kai ka karɓi makullin ba.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa kada kunya ta sa ya ɓoye. Ka adana hoton tallar, da hirarku ta WhatsApp, da saƙon da ya nuna lambar tura kuɗin, ka kai komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko ofishin jandarma mafi kusa, ka kuma sanar da shugabannin tasharku don su faɗa wa sauran direbobi. Amma kafin duk wannan, a fara duba yoyo. Da safe inji na sanyi, a fili ba cikin gareji rufaffe ba, ka tayar da mota, wani ya toshe bakin salansa da tsumma na 'yan daƙiƙu, kai kuma ka saurari inda iska ke huci, ka nemi baƙin tabo a jikin waldar. In ka samu, a liƙe shi a ranar. Kafin a liƙe, gilas a sauke ko da ana ƙura, kuma kada a bar yaro a cikin motar inji yana aiki.