Tankin tarar ruwan sama: yadda na same shi da ruwan bana ya sauka

Masu tambayata kan tankin nan da na sa a gida, ga bayani tunda yanzu Allah ya kawo ruwa mun gwada shi da gaske. Baƙin tanki ne na roba mai cin lita 2000, an ɗora shi kan dakalin siminti, sai wani mai aikin fanfo daga wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina ya jera mini indararo a bakin kwano ya haɗa da fayif har cikin tankin. Tun cikin bazara aka gama aikin, amma fa sai zaman jira, hadari ya haɗo ya yi baƙi ƙirin daga gabas kowa ya fara kwashe shanya sai iska ta zo ta watsa shi, haka muka yi ta yi har sai da aka fita sallar roƙon ruwa, masu kurar ruwa kuma kullum kuɗin jarka sai ya ƙaru.

Daren da ruwan ya kece wallahi ban san lokacin da na fito tsakar gida ba, yara na ta ihu, ƙamshin ƙasa ya cika unguwa, ni kuma kunnena na wajen fayif ina jin yadda ruwa ke bulbula ciki. Alhamdulillahi. Kafin asuba tanki ya kusa cika.

Kuma lissafin ba wani ɓoyayye ba ne, duk milimita 1 na ruwan da ya sauka kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ke nan. Rufin da ya kai mita 10 da 8 in aka yi ruwa mai kyau na milimita 20 ka ga lita 1600 ke nan a dare guda, da can duk kwararewa yake yi lungu ya zama caɓi. A nan Katsina damina ba ta da tsawo, daga Yuni zuwa Satumba ne, Agusta ne ma ruwan ke zama sosai, sauran watannin kuwa sai rijiya da burtsatse da jiran ruwan fanfo na dam ɗin Ajiwa in ya zo.

Aikin mai fanfon ya yi kyau, haɗin bai ɗigo ko ɗaya, ya kuma karkata indararon daidai ruwa bai kwanciya a ciki. Inda bai kyauta ba shi ne bai sa raga a bakin tankin ba, bai kuma yi hanyar zubar da ruwan farko ba. Rufin da ya sha ƙurar hunturu da bazara da kashin tantabaru ai ruwan farko wankin kwano ne, bai kamata ya shiga tanki ba. Sai da aka zubar da shi aka wanke, ya dawo ya ƙara wani ɗan fayif mai murfi a gefe, ya caji kuɗin kaya daban, gaskiya wannan ya ɓata min rai don tun farko ya kamata ya faɗa. In za ku sa aikin ku yi wannan maganar kafin ciniki ya faɗa. Murfin kuma a riƙa rufe shi ruf saboda sauro, ruwan sha kuwa a tafasa ko a sa maganin ruwa.

Kakanmu yakan ba mu labarin farin 1973 da na 1984, yadda gero ya bushe a tsaye shanu suka ƙare mutane suka yi ta kwararowa daga Nijar, ya ce shekarun ƙarancin ruwa sukan zo a jere ne sannan a samu sauƙi. Mu kuma abin da muke gani yanzu ruwa ya yi latti, in ya zo ya zo da ƙarfi lokaci guda kamar ambaliyar Jibiya ta 2018, sai kuma ya ɗauke sati biyu uku shuka ta fara yaushi. To a irin wannan tsakanin ne tankin ke amfani, wanki da wanka da ban ruwan awaki duk daga ciki muke yi.

Lita 2000 dai ta yi wa gida mai mutum takwas kaɗan, ba za ta kai ka rani ba ko kusa. Mai hali ya ɗauki babba ko ya haɗa biyu, ni ma in Allah ya hore kafin Agusta zan ƙara na biyu, mutumin nan kuma shi zan sake kira.